Maikasuwa Malamin Wasali

A ƙauyen Kwarin Ɗinya, can bayan duwatsun Roni, babu sana'ar da za a ambata Maikasuwa bai ce ya taɓa yi ba. Wasu kam ya yi su. Ya yi shelar maganin shawara a kasuwannin Babura da Kazaure har lasifikar ta ƙone. Ya yi kiwon zabi, zabin suka bi na maƙwabta ba su dawo ba. Daga ƙarshe ya tsaya a kan acaɓa, da wani tsohon babur da ake jin zuwansa tun yana gangaren dutse.

Ilminsa na wasali a kan babur ɗin nan ya samo shi. Da bazara aka kira malaman aji ɗaya bita ta kwana uku a Kazaure, shi ya riƙa kai Malama Sadiƙa yana dawo da ita. Idan ya sauke ta, sai ya jingine babur ƙarƙashin tagar ɗakin taron, ya miƙe a kai yana ɓarar gyaɗa. Tsakanin gyangyaɗi da gyangyaɗi ya tsinci kalmomi biyu, dogon wasali da gajeren wasali. Ranar rufe taro aka sami ragowar jaka guda, wani ya miƙa masa ta taga. Ya dawo gari rataye da ita yana cewa ya yi kwas.

Da damina ta zauna, Malama Sadiƙa ta haihu, ta tafi wanka gidan iyayenta. Satin nan kuma takarda ta iso wa hedimasta, Malam Muhammadu Lawal, cewa nan da sati biyu jami'ar ilimi za ta zo ta saurari 'yan aji ɗaya. Abin da za ta duba shi ne ko kunnen yara yana raba gajeren wasali da dogo, irin na gari da ake zama a ciki da gaarin da ake tuwo da shi, tunda a takarda duk rubutu ɗaya ne. Makarantar da yaranta suka iya za a ba ta littattafai da ƙarin malami. Wadda suka kasa, za a haɗe ajinta da na ƙauyen gaba, yara 'yan shekara shida su riƙa tsallake rafi safe da rana. Malam Lawal na da aji shida da malamai biyu, ɗayan kuma shi ne.

Yana zaune a rumfar Ukasha mai faci yana faɗin damuwarsa, Maikasuwa ya kashe babur, ya gyara zaman jakarsa, ya ce a daina neman malami, ga shi Allah ya kawo. Ukasha ya tuna masa cewa a aji uku ya gudu daga makaranta. Maikasuwa ya ce ba gudu ya yi ba, gamawa ya yi da wuri.

Malam Lawal ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga bisani ya ce, "To, ka dai hana su fita hanya. Littafin Malama yana cikin aljihun tebur, ka bi shi layi-layi, kada ka ƙara komai naka."

Ran Litinin Maikasuwa ya shiga aji da babbar rigar sallarsa. Ya tarar teburin yana rawa, ya ciro littafin Malama ya tokare ƙafar da shi, sannan ya fuskanci yara arba'in da biyu. Ya ce abin ba wuya. Duk abu mai tsawo, sunansa da dogon wasali yake, shi ya sa ake cewa raaƙumi, ake cewa riimi. Duk ƙaramin abu kuma gajere ne, kamar ƙuda da ƙuma. Shi kansa sai da ya ji daɗin bayanin, don a nan take ya ƙirƙiro shi.

Wata 'yar siririyar yarinya a benci na gaba, Shatu, ta ɗaga hannu ta tambaya ina ɓeera, ga shi ƙarami amma ana jan sa.

"Da jelarsa ake aunawa," in ji Maikasuwa.

"To igiya fa, Malam? Doguwa ce, ba a ja."

"A naɗe take. Zauna."

Don a huta da tambaya, ya fitar da su fili ya jera su bisa tsawo. Dogaye ya sa musu suna dogayen wasula, ya ba su inuwar bishiya. Gajeru ya tsayar da su gefe. Kafin a tashi an yi dambe uku, wani Musaddiƙ ya koma gida da kuka yana cewa shi ba gajeren wasali ba ne, ɗagawa ne bai yi ba tukuna. Da la'asar uban yaron ya zo har ƙofar gida yana tambayar wane ne ya zagi ɗansa da wasali. Maikasuwa ya ce ilimi ne, sabon shigowa ne, da farko haka yake da ɗaci.

Washegari ya zo da sabuwar dabara, wadda ya ce manyan malaman Kazaure ma ba su kai gare ta ba. Rumfar Ukasha jikin katangar gidan Maikasuwa take. Da Ukasha ya tafi sallar azahar ran Litinin, Maikasuwa ya ga wani tiyub rataye a ƙusa, ya yanke hukuncin cewa yasasshe ne, ya sa reza ya fitar da zirin roba arba'in da uku. Kowane yaro ya sami ɗaya, babban kuma nasa.

Ya ce idan ya faɗi dogo su ja, idan ya faɗi gajere su saki. Ya ce riimi, yara suka ja. Ya ce ƙuda, roba arba'in da biyu ta sauka a kunnuwa da ƙeyoyin maƙwabta. Ajin ya kaure da ihu. Ya ce ai wannan alama ce ta shiga jiki.

Lokacin hutun tara yaran suka gano abin da aka fi yi da roba. Kowa ya karyo gwafa ya ɗaura, ya cika aljihu da tsakuwa. Zakaran mai unguwa ya koma gida da ɗingishi. Malam Lawal ya leƙo daga ofis don ya ga me ake ciki, hularsa ta tashi daga kansa ta faɗa kan rufin kwano.

Maikasuwa bai karaya ba. Ya tara su ya ce zai nuna musu wasali mafi tsawo da aka taɓa ji a ƙasar Roni. Ya ba Musaddiƙ bakin babbar robar, ya riƙe ɗaya bakin daidai haɓarsa, ya riƙa ja da baya yana cewa raaaa. Bai kai ga ƙumi ba hannun yaron ya gaji. Ƙarar da aka ji har aji shida. Kafin azahar leɓen Maikasuwa na sama ya yi suntum, ya rufe na ƙasa.

Da aka tashi, Malam Lawal ya je rumfa karɓar babur ɗinsa da ya bari a yi masa faci. Ukasha ya nuna masa ƙusa babu komai, sannan ya nuna masa yaran da ke wucewa kowa da gwafa a wuya.

"Tiyub ɗinka ya shiga makaranta, Hedimasta," in ji shi. "Yana aji ɗaya."

Malam Lawal ya taka da ƙafa zuwa gida. Da akwai wanda zai maye gurbin, da ranar aka sallami Maikasuwa. Babu, don haka ran Laraba ya sake shiga aji da kumburarren leɓe da sabuwar doka. Ya ce shi da ya zaga birane ya lura ɗan boko na gaske jan kowane wasali yake yi, gajeren wasali na wanda bai taɓa wuce Roni ba ne. Wannan darasin kam yara suka ɗauke shi tsaf suka kai gida.

Ran Asabar uban Shatu zai tafi gona da sassafe, ya tuna ya ari fartanyar ƙanensa. Ya ce wa yarinyar ta gaya wa innarta ta kai masa. Shatu ta shiga ta gyara murya irin ta 'yan boko, ta ce Baba ya ce ki kai maasa. Matar ta yi mamaki, amma ta auno gero ta jiƙa, ta kai niƙa, ta ari tanda, ta wuni a gaban wuta. Da yamma ta aika da kwano cike gona. Mijin ya ci ya ƙoshi, sannan ya tambaya ina fartanyar.

A wani gidan, tsoho ya aiki jikansa wurin yayan yaron mai kiwo, a kan awakin da za a mayar garke, ya ce duka. Saƙo ya isa da cewa Kaka ya ce awakin nan, duuka. Yayan ya karyo tsumagiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, awaki suka watse cikin gyaɗar mutane.

Ran Lahadi mata biyar suka cika tsakar gidan Kaltume, matar Maikasuwa, kowace da nata ƙorafin. Kaltume ta ba su haƙuri, ta ce ita shekara ashirin da biyu take fama, su nasu sati ɗaya ne. Suna fita, mai gidan ya fito daga ɗaki inda ya laɓe, ya kaɗe riga ya ce shi zai shiga gaari.

"Buhun yana bayan ƙofa, Malam," ta ce. "Ka cire takalmi kafin ka shiga."

Ya ce mata jahilci ne ke damun gidan nan. Ta ce gaskiya ne, kuma ta san ɗakin da yake kwana.

Tun daga ranar iyaye mata suka ɗauki mataki nasu ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Duk yaron da ya ja abin da ba a ja, sai an tsayar da shi a bakin murhu ya maimaita. Masa daban, maasa daban. Duka daban, duuka daban, kuma wanda ya sake haɗa su zai ga na biyun. Maikasuwa bai san ana yi ba. Ya dai lura yara sun fara faɗin abubuwa daidai, ya gaya wa Ukasha cewa maganinsa ya fara aiki.

Saura kwana biyu ya tsara abin da ya kira gagarumin nuni. Zai faɗi kalma ɗaya tak, yaro ya aikata abin da ya ji. Ya tanadi tiren gari. Ya karɓo tsire wurin mahauci, da gashin aski a takarda wurin wanzami. Babban abin da ya ajiye na ƙarshe shi ne tulu da taɓarya: idan ya ce fasa, Shatu ta rotsa tulun, idan ya ce faasa, ta sauke hannu. Tsoffin tuluna biyu ya samo a bola, Shatu ta gama da su duka a gwajin ran Laraba.

Ran Alhamis da safe ga baƙi na hanya, ga babu tulu. Kaltume ta tafi kai niƙa. Maikasuwa ya tsaya a tsakar gida yana kallon randarta, wadda mahaifiyarta ta kawo mata ranar tarewa, wadda maƙwabta ke aiko yara da kofi saboda sanyin ruwanta. Ya lissafa abin a ransa ya ga babu haɗari ko kaɗan. Dogon kawai zai faɗa, Shatu ta sauke hannu, a tafa, ya mayar da randa mazauninta kafin a dawo daga inji. Ya juye ruwan, ya rungume ta zuwa makaranta, ya sa yara suka sake cika ta don kada ta yi rawa.

Ƙarfe goma mota ta tsaya. Jami'ar, Hajiya Uwa, dattijuwa ce mai tabarau da sanyin murya, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da ƙananan yara kafin a mayar da ita ofis. Aka ajiye mata kujera a inuwa, mai unguwa na gefenta, maza a tabarmi, mata tsaye daga baya. Malam Lawal ya buɗe baki zai yi maraba, Maikasuwa ya riga shi. Ya yi jawabi mai tsawo, inda kwana ukun Kazaure suka zama shekara uku, ya kuma roƙi baƙuwa ta riƙe kujerarta da kyau.

Ya ce gari, Musaddiƙ ya nuna gidajen ƙauye. Ya ce gaari, yaron ya taɓa tire. Hajiya Uwa ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Maikasuwa ya waiwayi Ukasha ya ɗaga masa gira.

Ya ce gashi, wata yarinya ta ɗaga tsire. Ya ce gaashi, ta buɗe takardar wanzami, iskar hadari ta taso ta kwashe abin da ke ciki ta yaɓa wa tsiren, wanda dama baƙuwa aka yi niyyar ba idan an gama. Mai unguwa ya yi atishawa sau uku. Maikasuwa ya ce da gangan ne, don a ga dogo da gajere a wuri ɗaya.

Sai aka zo kan randa. Shatu ta tsaya a gabanta da 'yar taɓarya, ta ɗaga sama da hannu biyu, ta kafa kunne. Maikasuwa ya ja numfashi ya cika ƙirji, yana shirin sako wasalin da za a daɗe ana labarinsa. Daidai nan ya hangi mata suna darewa, Kaltume na kutsowa da ƙwaryar niƙa a ka, idonta ba a kansa ba, a kan randa. Numfashin ya tsere masa. Abin da ya so shi ne a bar wasan gaba ɗaya, a sauke taɓarya, a mayar da kayan mutane. Ya miƙa hannu biyu da sauri, ga leɓe bai gama saɓewa ba.

"Fasa, fasa!"

Shatu ta ji abin da ta ji. Taɓarya ta sauka a cikin randar, randa ta buɗe gida uku. Ruwa ya kwararo ya tafi da tiren gari, ƙullu ya malala har ya rufe takalman Hajiya Uwa. Maikasuwa ya zabura zai tare, ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas a tsakiya da babbar rigar salla.

Daga inda yake zaune ya ga hanya ɗaya ce ta rage ta rufe abin, a cika fili da tafin hannu kamar haka aka shirya. Ya juya ga yaran yana haki.

"Yara, tafi!"

Yara arba'in da biyu suka suri jakunkunansu suka ruga, wasu ta ƙofa, wasu ta kan katanga. Cikin ƙiftawar ido babu ɗan aji ɗaya ko guda a harabar. Ukasha ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki. Malam Lawal ya cire hula ya rufe fuska da ita, yana ganin yaransa a bakin rafi.

Hajiya Uwa ta cire tabarau tana share ido, kafaɗunta na rawa. Da ta sami magana, ta ce wa hedimasta a buga ƙararrawa a dawo mata da su. Ta ce ita dai kunnenta gajere ya ji sau biyu, yaran ma gajere suka ji, kuma abin da ta zo dubawa ke nan.

Da suka taru, ta zauna a tsakiyarsu da takalmanta masu ƙullu. Ta ce dafa, suka yi kamar suna juya tukunya. Ta ce daafa, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na kusa. Ta ce baƙi, suka nuna allo. Ta ce baaƙi, suka nuna ta da direbanta. Ta yi ta jefo musu kalmomi, da wuya ka ga mutum biyu sun kuskure. Ta jawo Shatu jikinta ta tambaye ta wa ya koya mata.

"Innata ce," in ji yarinyar. "Tana riƙe da muciya."

Mata suka kwashe da dariya daga baya. Hajiya Uwa ta juya ga Maikasuwa, wanda ya miƙe yana matse gefen riga, ta tambaye shi cikin ladabi wasula nawa ne a Hausa.

Ya ɗan yi tari. "Ranki ya daɗe, na Kazaure ko na nan?"

Ta ce ko'ina biyar ne, kowanne ana iya jan sa, ana iya taƙaita shi. Ya ce dama abin da zai faɗa ke nan. Ta rubuta sunan makarantar a takardarta, ta ce aji ɗaya na nan inda yake, littattafai za su iso, kuma ran Litinin za ta turo malami ya riƙe kafin Malama Sadiƙa ta dawo. Ta gode wa iyaye mata. Sannan ta roƙi Malam Maikasuwa ya miƙa allin da ke aljihunsa ga hedimasta.

Kaltume ta ratsa jama'a ta isa wurin. Ta durƙusa ta tsince bakin randar, ta ɗora a kan ƙwaryar niƙa, ta wuce gida.

Da la'asar aka ga Maikasuwa yana tahowa daga famfo da jarka biyu, sawu na huɗu ke nan, don duk wani kwano da bokiti na gidan an jera masa ya cika kafin ran kasuwar Kazaure da za a sayo sabuwar randa. Ya ajiye su a bakin rumfar Ukasha yana mayar da numfashi. Ya gaya wa mutanen da ke zaune cewa baƙuwar ta ja shi gefe ta roƙe shi ya je ya horar da malaman jiha baki ɗaya, shi ne ya ce a ɗan ba shi lokaci, akwai hidimar iyali. Ukasha ya tambaye shi yaushe aka yi haka, tunda kowa na wurin har motar ta tashi. Ya ce da ido suka yi maganar.

Daga bayan katanga muryar Kaltume ta taso, ta ratsa unguwar tun daga rumfa har bakin masallaci.

"Malaaam!"

Maikasuwa ya ɗaga yatsa, ya saurara har sautin ya ƙare.

"Kun ji dogon wasali ko?" ya ce. "Ni na koya mata."

Ya suri jarkokinsa ya shige da sauri.